Lamu ko Zanzibar: amsa ga Maman Khalifa kan kama gidan haya a tsibiri

Maman Khalifa, barkanki da war haka. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, hidimar bikin ƙanwata a Gwammaja ce ta hana ni zama in ba ki amsa. Kin ce kuna shirin tafiya a dogon hutun yara na watan Agusta, ke da Alhaji da yara huɗu da Hajiya mahaifiyarsa, kuna son kama gida sukutum maimakon otal, kuma kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin Lamu ta Kenya da Zanzibar ta Tanzaniya. Allah ya sa ni da maigidan mun kwana a gidan haya a duka biyun. Zuciyata tana Lamu, amma tunda da Hajiya za a tafi, Zanzibar nake ba ki shawara. Bari in faɗa miki dalili.

Ki fara da hanya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, jirgin Ethiopian yana kai mutum Addis Ababa, daga can a canja wani ya sauke ku kai tsaye a filin Abeid Amani Karume da ke Unguja, babban tsibirin Zanzibar. Kuna fitowa mota na jiran ku, tafiyar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi kun isa ƙofar gida. Lamu kuwa sai kun biya ta Nairobi ko Mombasa, ku sake hawa ƙaramin jirgi, kuma irin waɗanda ke tashi daga filin Wilson na Nairobi kilo 15 kacal suke yarje wa mutum. Kin san kayanmu na Kanawa in an tashi tafiya. Jirgin ma a tsibirin Manda yake sauka, sai a shiga kwale-kwale mai inji a ƙetare zuwa garin Lamu ko ƙauyen Shela. In ruwa ya janye, matakalar gaɓa tana da santsi, wani lokaci har sai an tattare zani an taka ruwa. Cikin gari kuma lunguna ne ƙunci-ƙunci kamar na cikin birni wajen Kurmi, mota ba ta shiga, jaki ne ke dakon kaya. Yara za su yi murna da wannan har su ƙi dawowa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Kada kuma wani ya ce muku ku bi ta mota daga Malindi don rage kuɗi. Hanyar ta ratsa kusa da dajin Boni inda 'yan al-Shabab suka sha kai hari, kuma a yankin ne aka yi kisan Mpeketoni a 2014. Tsibirin kansa lafiya lau muka zauna, amma ta sama ake zuwa.

Wajen takardu Kenya ta fi sauƙi ga mai fasfon Najeriya. Tanzaniya ba ta ba mu biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, don haka ki fara da wuri, kafin ma ki biya kuɗin gida. Tun Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta gwamnatinta, dala 44 ga kowane babba. Katin allurar shawara dole ne a ƙasashen biyu, har na autanku.

Yanzu gidan kansa, wanda shi ne asalin tambayarki. Gidajen haya na Shela irin ginin Suwahilawa ne na da, dogaye, bene biyu ko uku, da rumfar ganyen kwakwa a can sama inda iska ke kaɗawa. Mace za ta cire mayafi ta miƙe ƙafa ba idon da zai gan ta. Yawancinsu da mai dafa abinci da mai shara ake bayar da su, masunta kuma su kawo kifi har ƙofa da safe. Ban taɓa samun hutu irin na wannan rumfa ba. Sai dai ɗakunan kwana a sama suke, matakala a miƙe, wasu ba ko abin dafawa. Gidan da muka kama, hoto bai nuna mana haka ba, sai da muka isa muka ga ɗakin ƙasa na ajiya ne, na kwana bakwai ina bin ɗan shekara uku sama da ƙasa. A Zanzibar, musamman gabas wajen Jambiani da Paje, gidajen ƙasa sun fi yawa, da tsakar gida da katanga, wasu da wurin ninƙaya. Irin wannan ne zai yi wa Hajiya daidai: ɗaki a ƙasa, banɗaki a ciki, ta yi alwalarta ba hawa ba sauka.

Abin da Zanzibar ta gaza a kai shi ne kunya a bakin teku. Mutanen gari Musulmi ne kusan gaba ɗaya, masu kamun kai, amma gaɓar Nungwi da Kendwa da tsakiyar Paje cike take da Turawa masu kayan wanka, da kiɗa da giya har dare. Ni dai ban ji daɗin zama da surukai a irin wannan wuri ba. Ki nemi gida a ƙarshen Jambiani, inda za ki fi ganin matan gari suna noman ciyawar teku. A Lamu wannan damuwa kaɗan ce. Rairayin Shela ya kai kusan kilomita 12, kina ɗan yin nisa sai ku kaɗai da tudun yashi. Garin kuma na malamai ne: Masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa yana nan, Maulidinsa yana tara jama'a daga duk gabashin Afirka. UNESCO ta sa tsohon garin Lamu cikin kayan tarihin duniya a 2001, shekara guda bayan tsohon birnin Zanzibar. In Alhaji mai son ziyara ne, Zanzibar ma tana da masallacin Kizimkazi mai rubutun da ya kai shekarar 1107. Ki gaya wa Hajiya tun daga gida cewa Shafi'awa ne a can, za ta ji liman yana bayyana Bisimillah yana kuma ƙunuti bayan ruku'u a sallar asuba, kada ta ɗauka an yi kuskure.

Agusta lokacin iskar kudu ce da suke kira kusi. Babu zafi sosai, ruwan sama kaɗan ne, amma teku takan yi tsauri, kuma ƙetarawa a kwale-kwale da yara huɗu cikin igiyar ruwa ba abin wasa ba ne. Wannan ma ya ƙara rinjayar da ni zuwa Zanzibar. A gabashinta ruwa yana janyewa da nisa sau biyu a yini, yara su yi ta wasa a ɗan ruwan da bai wuce idon sawu ba. Ki saya musu takalmin roba saboda ƙayar wasu halittun teku, kuma ki riƙa kiran su da zarar ruwa ya fara dawowa, don saurinsa yana ba mutum mamaki. Yaranmu na Kano ba su san teku ba. Kowane jirgin ruwa za ku hau, ki ga rigar kariya daidai jikin yaro kafin ki sa ƙafa.

Asibiti shi ne abin da ya yanke hukunci a wurina. Unguja tana da babban asibitin Mnazi Mmoja da na kuɗi da dama, Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, kuma awa biyu ce a jirgin ruwa, mintuna kaɗan a jirgin sama. Lamu tana da asibitin Sarki Fahd, amma daga Shela cikin dare sai an nemo mai kwale-kwale, babban lamari kuma sai an fita da mutum zuwa Mombasa ko Nairobi. Mai hawan jini ko ciwon suga, kusa da taimako ya fi mata. Ki ɗebo maganinta da zai wuce kwanakin tafiyar, da maganin zazzaɓin cizon sauro.

Abinci ba zai ba ku wahala ba a ko'ina: halal ne, shinkafar pilau da biriyani da kifi cikin madarar kwakwa. In Hajiya ta gaji da kwakwa, garin ugali ɗinsu tuwon masara ne sak, ki ƙullo kuka da daddawa da yaji kawai. Ruwan sha na gora za ku saya, na rijiya yakan yi gishiri-gishiri.

Kafin ki tura ko sisi, ki sa mai gidan ya zagaya da ke ta kiran bidiyo. Ki ga ɗakin ƙasa, ki ga gidan sauro a kowane gado, ki tambayi janareta ko sola da tankin ruwa, ki tambaya ko kuɗin mai dafa abinci yana ciki, kuma namiji ne ko mace. Ki biya ta manhajar da ke riƙe kuɗi har sai kun shiga gida, irin Airbnb, kada ki yarda a ja ki WhatsApp da sunan ragi.

Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma da Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci. In direba ya ce zai zo "saa mbili" da safe, ƙarfe takwas yake nufi. Ranar komawa filin jirgi, ki sa ya rubuta miki lokacin da lamba a waya, ki kuma maimaita masa.