ShellCheck da Miƙa Bayanai ga Fankshin a Rubutun Bash

Kuskuren da ya fi wuyar ganowa a rubutun umarni na Bash, wato harshen ba kwamfuta umarni da aka fi amfani da shi a Linux, yakan ɓuya ne a inda babban rubutu yake kiran fankshin (rukunin umarni da aka ba suna don a riƙa kiransa) ya miƙa masa bayanai, domin Bash ba ya ƙorafi, sai dai ya ci gaba da aiki da duk abin da ya iso masa. ShellCheck, manhajar kyauta da Vidar Holen ya rubuta da harshen Haskell, tana karanta rubutun ba tare da ta gudanar da shi ba, ta nuna irin waɗannan wurare. A Debian da Ubuntu ana girka ta da apt install shellcheck, ana kuma iya liƙa rubutu a shafin shellcheck.net.

Idan sunan fayil "rahoton wata.txt" ne, aka ajiye sunan a $fayil, sannan aka kira fankshin mai suna kwafa da kwafa $fayil ba tare da sa $fayil cikin alamar zancen wani ba, fankshin zai karɓi abu biyu maimakon ɗaya, wato "rahoton" a $1 (gurbin bayani na farko) da "wata.txt" a $2 (gurbi na biyu). ShellCheck tana kama wannan da gargaɗi mai lamba SC2086, haka kuma tana kama $@, wanda ke wakiltar duk bayanan da aka miƙa, idan aka bar shi tsirara ba alamar zance, da SC2068.

Inda ta fi burge ni shi ne SC2119 da SC2120. Masu koyo da yawa suna zaton $1 da ke cikin fankshin shi ne wanda aka ba rubutun daga layin umarni, alhali kowane fankshin yana da nasa $1, kuma idan aka kira shi hannu rabbana, wurin zai kasance fanko ne. Manhajar tana lura cewa fankshin yana neman bayani amma babu inda aka taɓa miƙa masa, sai ta ba da shawarar a kira shi da "$@". Wannan gyara kaɗai ya isa dalilin girka ta, musamman ga rubutun da ke goge fayiloli, inda wurin da ya zo fanko zai iya jawo asara. SC2155 ma yana da amfani, domin yana nuna cewa local x=$(umarni) yana ɓoye gazawar umarnin da ke ciki.

Tana da nata gazawar. Ba ta san manufar marubuci ba, saboda haka idan aka musanya tushe da maƙura, wato inda za a kwafo fayil da inda za a kai shi, wajen kiran fankshin, ba za ta ce uffan ba. Wani lokaci tana gargaɗi a kan abin da aka yi da gangan, sai a sa # shellcheck disable tare da lambar gargaɗin. Tana duba rubutun bash da na danginsa sh da dash da ksh, amma ban da zsh, kuma masu rubuta fayilolin .bat na Windows, masu amfani da CALL da %1, ba za su amfana da ita ba. Bayananta da Turanci suke, sai dai kowace lamba tana da shafinta mai misalin kuskure da na gyara, wanda ya kamata a karanta kafin a kashe kowane gargaɗi.