Manhajar lissafin shago: aikinta na da kyau, sanarwarta ce matsala

Ba zan kama sunan kamfanin ba, 'yan layinmu a kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna da ke amfani da ita sun san wadda nake nufi. Manhajar lissafin kaya ce, ka shigar da abin da ka saro, ita ke cire abin da aka saida ta buga rasit, da yamma ta nuna maka ciniki da bashin da ke kan mutane. Gaskiya ta raba ni da littafi, kuma ko sabis ya ɗauke tana aiki abinta, in ya dawo ta tura. Kuɗin wata ma ba laifi. Nan kam na sara musu.

Inda muka saɓa shi ne afdet ɗin tsaro da suka turo. Saƙon layi ɗaya ne da Turanci, wai sun gyara ƙananan matsaloli sun ƙara tsaro, shi ke nan, ni kuma na danna. Ashe a ciki an daina shiga da kalmar sirri kaɗai, sai an turo maka lamba ta waya, kuma layin da aka yi rajista da shi na ƙanina ne da yake makaranta a Zariya wayarsa a kashe. Da ƙyar muka same shi, muna shiga sai ga firintar rasit ta ƙi ji ta ƙi gani, ita kuwa tsohuwar kwamfutar sito mai Windows 7 ko buɗe manhajar ba ta yi. Ranar Asabar fa, wata Hajiya ta sari katon-katon na taliya da madara tana tsaye, mai Keke Napep sai hon yake, ni ina rubuta rasit da biro a bayan kwali.

Na kira lambarsu, yarinyar da ta ɗauka ta yi min bayani tsaf. Ta ce hanyar da tsohuwar firintar ke haɗuwa da manhajar ɓarayin intanet na iya bi ta nan shi ya sa aka toshe, Windows 7 kuma tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi mata gyaran tsaro. Magana ce mai ma'ana wallahi. Na ce to 'yar'uwa me ya hana ku faɗa mana haka kafin mu danna? Ta ce ai yana shafinsu. Wane ɗan kasuwa ne zai bar kwastoma ya je karatun shafi, alhali duk ƙarshen wata saƙon biyan kuɗi har cikin wayata yake zuwa bai taɓa ɓatan hanya ba.

Kuma ba abu ne mai wuya ba. Lokacin da WhatsApp za ta daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a Oktoban 2023, an sanar tun kafin ranar. Windows 10 ma shekaru kafin lokacin aka sa ranar daina yi mata gyaran tsaro, 14 ga Oktoba 2025. Abin da muke nema ke nan, me zai daina aiki, yaushe, me zan tanada, in da hali da Hausa.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙwabcina Alhaji, da ya ga abin da ya same ni sai ya sa yaronsa ya kashe afdet gaba ɗaya, ya ce shi ba mai taɓa masa kwamfuta. Na ba shi labarin WannaCry, cutar kwamfutar da ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila a Mayun 2017, alhali gyaranta ya fito tun Maris mutane ne ba su saka ba. Ya ce shi dai firintarsa na aiki tawa ba ta yi. Na rasa amsar da zan ba shi.

Tauraro uku cikin biyar nake ba su. In za ka saka ta, yi rajista da layin da ke aljihunka, kuma kar ka danna afdet ranar ciniki, bari sai Lahadi da yamma ka gwada buga rasit ɗaya kafin ka rufe. Firintar dai sai da na sayi sabuwa, na nemi su rage min kuɗin wata sun ce za su duba.