Gwajin jinin kyauta da ya jawo mini 'yan dubiya ina tsaye da ƙafata

Liman ne ya yi sanarwar ranar Juma'a bayan an sallame, cewa wata ƙungiya za ta zo firamaren unguwarmu ranar Asabar ta yi wa maza 'yan shekara 40 zuwa sama gwajin jini kyauta, na cutar da muke kira kansar mafitsara. Shekarata 57. Kun kuwa san abin da ake caja yanzu a ɗakunan gwajin da ke bakin asibiti, albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar irin wannan lalura ta "je ka duba lafiyarka" alhali ba ka kwanta ba. Don haka ban yi wata-wata ba. Har na biya wa maƙwabcina tela na ce ya rufe shago mu je. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma ya ji an ce likitocin nan yatsa suke sa wa mutum ta baya, shi da girmansa ba za a yi da shi ba. Na ce masa liman ya ce jini kawai za a ɗiba. Da ƙyar ya yarda.

Da safen sai da na fara kai wa ƙanwata saƙo can bayan gari a kan kekena, na dawo ina gumi duk da sanyin Nuwamba, na shiga layi. Ku riƙe zancen keken nan, zai dawo.

Ɗibar jinin ba ni da abin cewa a kai. Yarinyar da ta yi mini tana da sauƙin hannu, ta buɗe sabuwar allura a gabana, kafin in gama kawar da kai ta gama. An ba mu ruwan leda da kujeru a inuwar darbejiya. Aka ce mu jira, akwai na'ura a cikin aji ɗaya, sakamako zai fito kafin la'asar. Har a raina ina sa musu albarka.

Abin da ya ɓata komai ya faru ne wajen ƙarfe uku. Wani matashi mai rigar ƙungiyar ya leƙo ta tagar ajin da tarin takardu a hannu, ya fara kiran suna. Mu fa mun kai arba'in a tsakar makarantar. Akwai iyayen ɗalibaina, akwai na'ibin liman, akwai mai unguwa, kuma can gefe a kan benci ga surukina, uban mijin 'yata ta fari, mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yaron nan ba miƙa takarda kawai yake yi ba, sai ya karanta. "Alhaji, naka ɗaya da ɗigo biyu, lafiya lau, ba ka da komai." Mutane su yi dariya, a ce ma sha Allah. Da ya zo kaina ya kira sunana har da na mahaifina, ya duba takardar, ya ɗago kai, ya ce da ƙarfi kamar mai tallan gwanjo: "Baba, naka fa ya hau. Bakwai da ɗigo takwas. Sai ka je babban asibiti."

Wurin ya yi tsit. Wani daga baya ya ce innalillahi. Na tashi ƙafafuna kamar ba nawa ba, na isa bakin tagar, na rage murya na ce, "Yaro, ma'anarsa me ke nan?" Ya ce, "Wallahi Baba ni ba likita ba ne, likitan ya tafi tun azahar. Amma in ya wuce huɗu dai ba daidai ba ne." Ya miƙo mini 'yar takarda, an zagaye 7.8 da jan biro har sau biyu, ya kira suna na gaba. Iyakar bayanin da na samu ke nan. Na juyo muka haɗa ido da surukina, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ban san yadda na fita daga makarantar ba, har na manta da tela a wurin. Keken ma turo shi na yi.

Labari ya riga ni isa gida. Ina shiga na tarar da uwargida tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ido ya yi ja. "Malam, me nake ji?" Ashe wani ya gaya wa matarsa, ita kuma ta leƙo ta katanga. A bakin mata ba a ce lamba ta hau ba, cewa aka yi an gano kansa a jikin Malam. Washegari Lahadi zaurena ya cika kamar ana suna. Lemo, ayaba, kankana, wata tsohuwa ta aiko da rubutu a galan, wani ya kawo saiwa a ƙulle a leda ya ce a jiƙa da jar kanwa, ya rantse ta warkar da wani a ƙauyensu. Surukina ya aiko ɗansa da ambulan, wai a rage kuɗin magani. Wannan ambulan ɗin ta fi komai yi mini ciwo. In mayar, rashin kunya. In karɓa, na amsa ke nan cewa ba ni da lafiya.

Mako uku na yi kafin in samu ganin likitan ɓangaren a asibitin koyarwa, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya yi irin waɗannan makonni. A watan Mayun 2025 na ji a rediyo cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden ya kamu da wannan cutar har ta kai ƙashi. To duk dare sai in kwanta ina lissafi: in mai likitocin fadar shugaban ƙasa ta kai masa ƙashi, ina ga ni? Ciwon bayan da na shekara goma da shi saboda tsayuwa gaban allo sai ya koma mini wani abu daban. Na fara rubuta basussukan da ake bi na a bayan rajistar aji. Tuwo ya daina wucewa.

Likitan da na gani, Allah ya saka masa, bai ma fara da takardar ba. Tambayoyi ya jero mini. Ko ina jin zafi in ina fitsari a kwanakin da aka ɗebi jinin? Na ce ƙwarai, ciwon sanyi ya dame ni a lokacin, har na sayi magani a kemis na sha na kwana biyu na bari. Da me na je wurin gwajin? Na ce keke, bayan na yi tafiya mai nisa a kai. Sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da wannan tambayar, ka kusanci iyali a kwana biyun da suka gabaci gwajin?" Na yi shiru ina kallon takalmina. Ya yi murmushi ya ce shirun ya isa amsa. Ya tambaya ko a wurin gwajin an yi mini ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Ko ɗaya. Suna, shekaru da lambar waya kawai suka rubuta.

A nan ne na fara sanin abin da aka auna a jinina. Ashe ma ba mafitsarar ba ce kanta. Wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, furostet, girmanta kamar goro, tana ƙarƙashin mafitsara ta kewaye hanyar fitsari. Tana fitar da wani sinadari da ake kira PSA, ɗan kaɗan daga ciki yana shiga jini, shi ake aunawa. Kansa tana sa ya hau, gaskiya ne. Amma kumburin da ke zuwa da shekaru ma yana sa ya hau, ciwon sanyi yana sa ya hau sosai, haka motsa jiki mai tsanani irin tuƙa keke, haka kusantar iyali. Shi ya sa ake so mutum ya huta daga waɗannan biyun na kwana biyu kafin a ɗebi jini, in kuma akwai ciwon sanyi a bari sai ya warke da kamar mako shida. Ya ce cikin mutum huɗu da lambarsu ta faɗa tsakanin 4 da 10, kusan ɗaya ne ake samu da kansa, sauran ukun wani abu ne daban. Jimla ɗaya ke nan. Da yaron tagar nan ya san ta ya faɗa mini, da na ci tuwona a daren.

Gwajin yatsan da muke gudu ma an yi mini shi a ranar. Ba daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba, amma bai kai minti ɗaya ba, kuma labule a rufe, ba surukin kowa a wurin. Aka auna fitsari aka ga ƙwayar cuta, aka rubuta mini magani na sha har ƙarshe wannan karon. Bayan mako shida na ajiye keke, na kama kaina, na je na biya da kuɗina aka sake gwajin. Ya sauko 3.2. Likita ya ce in dawo bayan shekara a sake dubawa. In na haɗa kuɗin kati, mota, gwajin fitsari, magani da gwaji na biyu, wannan kyautar ta ci mini abin da ya ninka kuɗin gwajin da na guje wa tun farko.

Na fito asibiti ranar da niyyar in rubuta wannan sharhin in wanke su tas. Abin da ya ɗaure mini hannu shi ne tela.

Bayan na fice a ruɗe ranar Asabar ɗin, an kira nasa sunan. Lambarsa ta haura 30. Bai gaya wa kowa a gidansa ba, ya ninke takardar ya sa a aljihun keken ɗinki, sai da ya ga na fara zaryar asibiti ya zo da dare ya nuna mini. Mutumin da ya ce lafiyarsa ƙalau, abin da kawai yake ji shi ne tashi fitsari sau biyu ko uku da dare, ya ɗauka shayi ne. Ni na raka shi. Aka yi masa hoto, aka ɗebi 'yar tsoka aka auna, aka tabbatar kansa ce. Aka duba ƙashi, ba ta kai ba. Yanzu yana kan magani, yana ɗinkinsa, shi ya ɗinka wa yarana kayan sallah. Likitan ya ce mana wannan ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma akasari sai fitsari ya tsaya ko baya ya riƙe ake kawo mutum, lokacin ta yi nisa, don da farko ba ta cika nuna alama ba. Ya ce baƙar fata mun fi shiga haɗari. A Ingila an ƙiyasta namiji ɗaya cikin takwas zai kamu da ita a rayuwarsa, amma a baƙaƙe ɗaya cikin huɗu ne, shi ya sa ake ba mu shawarar fara magana da likita tun daga shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta. Tela ba zai taɓa kai kansa asibiti ya biya kuɗin wannan gwajin ba, na san shi shekara ashirin. Da mutanen nan ba su kafa rumfa a firamarenmu ba, da yanzu takardar da zai riƙe wata ce daban. Wannan ba zan ci musu shi ba.

Amma da na tuna yadda aka yi masa sai raina ya sake ɓaci. Shi ma ta taga aka yi shelar tasa lambar, a gaban masu kawo masa ɗinki. Lambar wayar da ke ƙasan takardar, wadda aka ce a kira don ƙarin bayani, na kira ta ya fi sau goma, kullum a kashe. Su kuwa da suka karɓi lambobinmu ba wanda ya kira ya ji ko mun je asibitin. Abin da na gani kawai hotonmu ne a Facebook bayan kwana biyu, ɗana ya nuna mini, ga ni nan na naɗe hannun riga ana soka mini allura, ba wanda ya nemi izinina. Na san mutum biyu a unguwar nan da tasu lambar ta hau a ranar. Ɗaya ya yaga takardar ya ce tsoratarwa ce, ɗayan yana can yana shan jiƙo. Ba wanda ya zaunar da su. Waɗanda aka ce wa "ba ka da komai" su ma an yi musu gaggawa, don likita ya gaya mini ana iya samun cutar ko da lambar tana ƙasa, kuma gwajin ba na sau ɗaya ba ne a rayuwa. Yanzu suna yawo da takarda kamar shaidar gama makaranta.

Me zai ci musu in sun sa takardun a ambulan? Aji shida ne a buɗe a makarantar ranar, ba kowa a ciki. Ɗaya ya isa a sa kujera biyu a kira mutum shi kaɗai. Kuma da sun ba liman layi biyu ya ƙara a sanarwar Juma'a, cewa mai ciwon sanyi ya dakata, a kuma huta kwana biyu kafin a zo, ai ya san yadda zai faɗa cikin ladabi kowa ya gane.

An ce za su dawo baɗi. Zan je, amma da ƙafa, kuma zan tsaya a bakin tagar in karɓe takardata kafin yaron ya buɗe baki. Ambulan ɗin surukina tana nan a ƙarƙashin akwati ban taɓa ta ba. Na aika masa cewa likita ya ce ba komai, ya ce alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i muka haɗu a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya daɗe, ya ce, "Malam, ya ƙarfin jikin?"