Banksy, Obey, Haring ko eL Seed: wanne za ka saya ka rataya a ɗakinka?

Duk wanda ya ce zai sayar maka da zanen Banksy na asali a dala 200, dan Allah ka riƙe kuɗinka. A harkar masu zanen bango ɗin nan jabu ya yi yawa sosai, a watan Nuwamban 2024 kawai jami'an Italiya suka kama zane na bogi sama da 2,100, ciki har da na Banksy da na wasu shahararrun masu zane irin su Warhol da Picasso, wasu har an shirya musu baje koli. Toh kafin ka duba wanne ya fi kyau, fara duba wanne za ka iya tabbatar da asalinsa.

Banksy dai mutumin Bristol ne a Ingila, bai taɓa fitowa ya ce ga ni ba, aikinsa yanka kwali yake ya ɗora a bango ya fesa fenti ya gudu. Shi ne ya fi suna kuma shi ne ya fi wahalar saye. Zanensa na yarinya da balan-balan an yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Sotheby's a 2018 kan fam miliyan 1 da ɗan ɗori, ana buga guduma sai wani inji da ya ɓoye a cikin firam ɗin ya fara yayyanka shi a gaban jama'a, kuma abun mamaki wannan yankakken aka sake sayarwa a 2021 kan fam miliyan 18.5. Wannan ba layinmu bane. Abun da mai kuɗi na tsaka-tsaki yake hari shine bugaggun kwafi na takarda, misali na yarinyar nan da aka buga a 2004, guda 150 masu sa hannu da 600 marasa sa hannu, su ma yanzu sai dubban fam. Gidan da yake buga masa, Pictures on Walls, ya rufe tun 2017, kenan duk wanda za ka samu yanzu na hannu ne.

Ofis ɗaya tal ke tantance aikinsa, Pest Control, tun 2008. Tsofaffin satifiket ɗinsu akwai rabin takardar fam 10 ta wasa mai hoton Gimbiya Diana a maƙale, an yaga ta biyu, ɗaya rabin yana wajensu, idan an haɗa yagar ta dace shikenan. Kuma ba sa ba da shaida ga wanda aka ɓamɓaro daga bangon titi. Babu takardar Pest Control, babu ciniki, ko da mai sayarwa zai rantse da kabarin kakansa. Labarin nan na 2013 da Banksy ya kafa tebur a gefen lambun Central Park na New York yana sayar da na gaske dala 60 mutane na wucewa ba sa kallo, eh gaskiya ne ya faru, amma 'yan damfara suna son labarin fiye da kowa.

Ni a ganina mai farawa ya nufi Shepard Fairey, mai Obey, wato sunan da yake fitar da ayyukansa da shi. Ba'amurke ne, an haife shi 1970, yana ɗalibi a 1989 ya fara liƙa sitika mai fuskar ɗan kokawa Andre the Giant a bangon titi, daga baya shi ya yi fastar Obama ta 2008 mai shuɗi da ja da kowa ya sani. Fastar ta jawo masa shari'a da kamfanin labarai na AP kan hoton da ya kwaikwaya, har a 2012 aka ci shi tarar dala 25,000 saboda ya lalata wasu hujjoji ya ƙirƙiri wasu, wannan tabo ne a tarihinsa ba ɓoyewa. Amma ta fuskar mai saye, mutumin yana raye, yana aiki, kuma shafinsa na obeygiant yana fitar da sabon bugu a kai a kai, yawanci inci 18 da 24, kwafi 'yan ɗaruruwa, ya sa hannu da fensir a ƙasa ga lambar kwafinka a gefe, farashin fitowa sau da yawa bai kai dala 100 ba. Daga hannunsa zuwa naka, babu dillali. Matsalar kawai saurin ƙarewa, wani bugun cikin mintuna ya tafi sai ka gan shi a kasuwar intanet ta eBay an ninka kuɗin. Kuma kar ka saya da tunanin za ka yi arziki, ya buga da yawa sosai, kaɗan ne ke tashi da gaske.

Keith Haring kuwa labarinsa daban. Shi da alli ya fara, a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, yana zana 'yan mutanensa masu rawa a kan baƙar takardar da ake rufe allon talla da ita. A 1986 ya buɗe Pop Shop don talaka ma ya sayi riga ko baji mai zanensa, masu galari suka yi ta zaginsa wai ya zubar da darajar fasaha. Ya rasu 1990 yana da shekara 31, cutar AIDS. Gidauniyarsa ta daina tantance ayyuka tun 2012, haka ma magadan Basquiat, wani marigayi mai zane na New York, a shekarar, shi yasa sayen "na asali" na waɗannan biyun ba tare da tarihin hannun da ya bi ba kamar sayen fili ne babu takarda. Ko gidan tarihi na Orlando a Amurka ya faɗa tarkon, FBI ta kwashe zane 25 da aka ce na Basquiat ne daga bangonsu a 2022 bisa zargin jabu ne. Ka sayi fasta ko riga mai lasisi irin na kamfanin tufafi na Uniqlo, ka san abun da ka saya, ba ka yaudari kanka ba, ai dama abun da Haring ya so kenan.

Sai wanda ba ya son hoton mutum ko dabba a gidansa, kuma na san suna da yawa. Ka duba eL Seed, ɗan asalin Tunisiya haifaffen Faransa, shi rubutun Larabci yake murɗawa da fenti kala-kala. A 2012 ya rubuta ayar Suratul Hujurat a hasumiyar masallacin Jara a garin Gabes na Tunisiya, a 2016 kuma ya yi aiki ɗaya da ya ratsa gidaje kusan 50 a unguwar masu kwasar shara ta Manshiyat Nasr a Alkahira, wanda ba ya haɗuwa a ido sai ka hau dutsen Muƙaddam. Bugunsa ba ya yawo a kasuwa kamar na Obey, sai ka bi shafinsa ko galarin da yake aiki da su. Ka tambayi me aka rubuta kafin ka biya, idan aya ce ka san inda za ka rataya.

Kuɗin turowa da na kwastan ka lissafa su tun farko, wani lokaci suna kamo kuɗin zanen kansa, ga katin naira da ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba. Zanen a naɗe yake zuwa cikin bututun kwali, ka buɗe a hankali ka danne shi da littattafai ya miƙe. Wajen mai firam kuma ka tsaya a kansa, kar ya shafa gam a baya, kar ya datse gefen takardar don ta shiga firam, a gefen nan sa hannun da lambar suke.