Abin da na gani a bayan ledar nama

Wata uku ke nan da likita a nan Ingila ya ce ƙodata ta fara rauni, hawan jini ne sila. Aka tura ni wurin wata ma'aikaciya wadda aikinta ke nan, tsara abincin masu ciwon ƙoda. Ta ce in tara mata ledojin duk abin da na ci a mako guda. Na kwasa na kai hankalina kwance, tunda daga shagon halal na saya: sosej na kaza, yankakken naman da ake sa wa burodi, da naman gwangwani.

Ranar na ji kunya. Ta baje su a kan tebur, tana juya bayan kowace leda tana zagaye lambobi da jan biro: E450, E451, E452. Ta ce fosfet ne, wani sinadari da kamfani ke zubawa don nama ya riƙe ruwa ya daɗe. Wanda ke cikin nama tun asali, wajen rabinsa hanji ke tsotsa. Na kamfani kuwa kusan duka yake shiga jini. Ƙoda mai rauni ba ta iya fitar da shi, sai ya taru ya cinye ƙashi, ya sandarar da jijiyoyin jini, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Gishiri kuma kada ya wuce giram 6 a yini, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin naman. Ta zauna da ni ba gaggawa, ko sisi ban biya ba.

Ina fitowa Baffa ya faɗo mini a rai, can ƙauyenmu wajen Haɗeja, shi ma ciwon ƙoda yake fama da shi. Abin da aka gaya masa a asibiti bai wuce "a rage gishiri" ba. Inna ta rage, sai ta ƙara dunƙulen magi don miya ta yi armashi, ga kanwa a miyar kuka, ba wanda ya ce mata duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Masu dubiya kuma, kowa da ƙunshinsa: wannan balangu, wancan kilishi ya sha yaji da tunkuza. "Baffa, daure ka taɓa, ka samu ƙarfi." Haba jama'a! Mutum ƙafafunsa sun kumbura, an sayar da gona ana kai shi Kano wankin ƙoda, mu kuma muna ɗura masa gishiri da sunan zumunci. Kilishinmu ba ya da leda mai rubutu balle a duba.

Wallahi ina kewar tsiren ranar kasuwa, ko ƙamshinsa na tuna sai yawuna ya tsinke. Yanzu ɗanyen nama nake saya, in dafa kaɗan da citta da tafarnuwa.

Jiya na kira gida. Na ce, "Inna, duk wanda ya kawo kilishi a yi masa godiya, a raba wa yara." Ta yi shiru, can ta ce ai shi kaɗai Baffa ke iya ci yanzu.