Yini guda a unguwar al'adu ta West Kowloon

Mu 'yan kasuwar Maradi masu zuwa Guangzhou sarin kaya mun saba da kwanakin jira tsakanin biyan kuɗi da lodin kwantena, kuma a irin wannan jira ne na hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Hong Kong, tafiyar kimanin awa ɗaya. Tashar da ake sauka tana maƙwabtaka da unguwar al'adu ta West Kowloon, fili mai faɗin hekta 40 wanda a da teku ne, aka cike shi a shekarun 1990. Duk wanda ya taso yana jin dattawa suna labarin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa garinmu ya bar fadama ya hau tudu, zai jinjina wa mutanen da suka tura ruwa baya suka yi gini a gurbinsa.

Inda kuɗin tikitina ya fi yi mini rana shi ne gidan tarihi na Hong Kong Palace Museum, wanda aka buɗe a 2022 da kayayyaki fiye da 900 da aka aro daga fadar sarakunan Sin ta Beijing. Akwai tangaran, akwai rigunan siliki masu aikin hannu, kuma kowane abu yana cikin gilashi da bayaninsa da Sinanci da Turanci, ga ma'aikata masu ladabi. Na daɗe a gaban rigunan nan ina tuna lifidi da tambura da kakakin fadar Sarkin Katsinar Maradi, waɗanda yaranmu ba sa gani sai ranar hawan salla, alhali sun cancanci irin wannan adana.

Gidan M+, na fasahar zamani da aka buɗe a 2021, na ratsa shi da sauri, amma lambun samansa ya nuna mini mashigin ruwan Victoria gaba ɗaya. Filin shaƙatawa na bakin teku kyauta ne, kuma da la'asar iyalai suna shimfiɗa a kan ciyawa suna shan iska.

Wurin yana buƙatar tafiyar ƙafa sosai, don haka a sa takalmi mai daɗi, a riƙe ruwa. Salla da abincin halal na yi su a wajen babban masallacin Kowloon da ke titin Nathan. Mai niyyar zuwa ya kauce wa Talata, domin a ranar gidan tarihin fadar yake rufe.