Hoton zuciya: 2D ko 3D ga ɓangaren dama?

Wanda likita ya tura ɗaukar hoton zuciya na eko (wanda ake ɗauka da igiyar sauti) a Kaduna, galibi na 2D ake yi masa, wanda ke nuna zuciya yanka-yanka, kamar an tsaga kankana an dubi fuska ɗaya. A cikin ɗakunan zuciya, na hagu bai cika ba da wahala ba. Ɗakin dama na ƙasa, mai tura jini zuwa huhu, shi ne mai wuyar sha'ani: a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata, ya rungumi na hagu, ga shi a bayan ƙashin ƙirji. Yanka ɗaya ba ya nuna shi duka. Shi ya sa likita ke auna motsin gindin bawul ɗin dama, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa. In bai kai milimita 17 ba, akwai rauni. Amma awon wuri guda ne kawai.

Na 3D kuwa yana tattaro ɗakin gaba ɗaya, ya lissafa yawan jinin da yake fitarwa a kowane bugu. Ƙasa da kashi 45 cikin ɗari na jinin da ke cikinsa alamar rauni ce, kuma sakamakonsa ya fi kusa da na MRI, hoton maganaɗisu da ake ɗauka a matsayin ma'auni. Sai dai yana da tsada, yana buƙatar ƙwararren hannu, kuma sau da yawa sai mara lafiya ya riƙe numfashi. Mai haki, ko wanda bugunsa ba ya tafiya daidai, hotonsa kan lalace.

Ni dai, mai sikila da ake zargin yana da hawan jinin huhu, ko yaron da aka yi wa tiyatar zuciya, zan so a nema masa 3D. Duban farko kuwa, 2D ya isa.